Fahariya Cikin Rigar Godiya

Idan ka tsaya a bakin Kasuwar Malam Atta da sassafe, za ka ji yaran mota suna kiran fasinja, "Malata! Malata!" Ba mai cewa Malam Atta sai a takarda. Bakin jama'a ya cinye sunan kamar yadda ruwa yake cinye sabulu, har da yawa daga cikin masu saye da sayarwa a wurin ba su san sunan mutum suke kira ba. Ni kuwa kusan kullum nakan ratsa kasuwar nan in zan tafi majami'armu, nakan kuma tuna da wannan duk sa'ad da na ji wani yana maganar barin suna a duniya.

Daga kasuwar zuwa unguwar Ridge, inda majalisar dokokin Ghana take, ba wata tafiya ba ce mai nisa. A can ne aka haƙa wani babban rami, aka zuba kankare da ƙarafa a gindinsa, aka ce nan za a gina Babbar Majami'ar Ƙasa. A kan wannan ginin da bai tashi ba nake so in yi sharhi, 'yan'uwa, gama ina gani ya nuna mana wata fuska ta zunubin girman kai wadda ba mu cika dubawa ba. Ba siyasa ce ta kawo ni ba. A ikilisiyarmu akwai 'yan jam'iyyar giwa, akwai 'yan jam'iyyar laima, dukansu kuwa a tebur ɗaya suke cin Jibin Ubangiji.

Domin 'yan'uwa na Nijeriya da Nijar waɗanda ba su bi labarin ba, ga yadda aka yi. Nana Akufo-Addo ya nemi shugabancin Ghana a 2008 ya faɗi, ya sake nema a 2012 ya faɗi, sai a Disamba 2016 ya ci. Mu mutanen zango maƙwabcinmu ne, domin gidansa na kansa a Nima yake. A ranar 6 ga Maris 2017, ranar da ƙasar ta cika shekara 60 da samun mulkin kai, ya ƙaddamar da shirin ginin. Da bakinsa ya bayyana cewa alkawari ne ya yi wa Allah kafin zaɓe: in Allah ya ba shi nasara, zai gina masa ɗaki. A 2018 aka nuna wa jama'a zanen, aikin David Adjaye, wanda ya yi suna da gidan tarihin baƙaƙen Amurka da ke Washington. Aka ce ginin zai ɗauki mutum 5,000 a zaune, da gidan tarihin Littafi Mai Tsarki a ciki. Domin a sami fili aka rushe gidajen alƙalai, da ofishin fasfo, da gidan jakadan Mali. A ranar 5 ga Maris 2020 aka aza harsashi da wani dutse da aka kawo daga Urushalima. Da farko an gaya mana gwamnati fili kaɗai za ta bayar da ɗan kuɗin farawa, sauran kuwa ikilisiyoyi da masu son aikin za su kawo. A 2021 aka roƙi jama'a kowa ya riƙa ba da sidi 100 a wata, aka kuma sa 6 ga Maris 2024 ta zama ranar buɗewa. A 2022 aikin ya tsaya. A lokacin an riga an kashe wajen dala miliyan 58 daga baitulmalin ƙasa, kuɗin da ake tsammani ginin zai ci kuwa ya tashi daga dala miliyan 100 zuwa wajen miliyan 400. A 2025 sabuwar gwamnatin John Mahama ta rufe ofishin aikin, ta ce a binciki kuɗin.

Ban ga zuciyar kowa ba, ba kuwa aikina ba ne in gani. Mai yiwuwa mutumin da ya faɗi zaɓe sau biyu ya durƙusa da gaske, ya yi alkawarinsa da hawaye. Wannan ma shi ne abin da ya sa labarin ya shafe mu. Da a ce wani marar tsoron Allah ne ya kafa gunkin kansa a tsakiyar gari, da ba sai an yi rubutu ba, yaran makarantar Lahadi ma za su gane shi. Girman kan da yake cin masu bi ba ya zuwa da ƙaho. Yakan zo da addu'a, da waƙar yabo, da kalmar godiya a bakinsa. Ku tuna da Bafarisiyen nan na Luka sura 18. Da godiya ga Allah ya buɗe addu'arsa. Azumin da ya ambata kuwa ya yi shi, ushirin ma ya bayar, bai yi ƙarya ba ko ɗaya. Sai dai kafin ya kai ƙarshe godiyar ta juye ta zama kirarin kansa, ya kuma sami wanda zai taka domin ya ƙara tsawo. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya lura cewa sauran zunubai a cikin mugayen ayyuka ake samunsu, girman kai kuwa har a bayan ayyuka nagari yake yin kwanto. Maƙwabtanmu Musulmi suna da kalma guda domin wannan ciwo, wato riya, yin ibada domin idon mutane. Mu muna da fahariya, da taƙama, da homa, da cika baki, amma duka waɗannan na mai ɗaga murya ne. Riya takan iya sunkuyar da kai.

To, tun da ba mu ganin zuciya, da me za mu auna? Littafi Mai Tsarki ya ba mu ma'auni mai sauƙi a kan alkawari: wa ya biya? Hannatu ta yi wa'adi, ɗan da ta haifa ta kai Shilo. Yakubu ya yi wa'adi a Betel, daga cikin abin da zai samu ya ce zai fitar da ushiri. Amma wanda ya fi ba ni haske shi ne Dawuda a masussukar Arauna, cikin 2 Sama'ila sura 24. Sarki ya zo zai gina bagade, mai wurin ya ce ya ɗauka kyauta, har da shanu da itace. Dawuda ya ƙi, ya biya shekel 50 na azurfa, domin ya san hadayar da ba ta taɓa aljihunsa ba, ba tasa ba ce. Akwai kuwa mutum ɗaya da ya yi wa'adi a kan nasarar yaƙi, biyan ya faɗa a kan wani, shi ne Yefta, wadda ta biya kuwa 'yarsa ce. Ba wanda yake karanta labarin nan da murna. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Gaskiya ne, amma kayan mai shi ne. A Malata in ka sayi doya ka ɗora wa 'yar kaya a kai, sai ka biya ta ladan ɗauka. Ba a taɓa ɗora mata kaya a kuma ce ita za ta biya kuɗin doyar ba.

Ga shi kuwa haka aka yi. Dala miliyan 58 ɗin nan daga haraji ta fito, haraji kuwa ba ya tambayar addini. Akwai kuɗin Hajiya mai sayar da waken shinkafa a ciki, akwai na mahauci, akwai na mai bin gargajiya, akwai na yarinyar da ta zo daga Walewale tana kwana a rumfar kasuwa da tasarta a gefe. Ba ɗayansu da ya yi wa Allah wannan alkawari. A watan Janairu 2019 kotun ƙoli ta yi watsi da ƙarar wani ɗan siyasa wanda ya ce hannun gwamnati a cikin aikin nan, da kuma cikin shirin aikin hajji, ya saɓa wa tsarin mulki. Kotu ta yi nata aiki. Amma manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa halal dabam, amfani dabam, ikilisiya kuwa ba ta tsayawa a inda lauya ya tsaya.

Sa'an nan ku dubi lokacin. A Disamba 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin ɗari, gwamnati kuma ta daina biyan yawancin bashinta na waje. Mu da muke cefane mun gani a olonka, farashin safe dabam, na yamma dabam. A Fabrairu 2023 tsofaffi 'yan fansho suka yi ta zama a ƙofar ma'aikatar kuɗi suna roƙo kada a taɓa ajiyarsu, har da tsohuwar babbar jojin ƙasa, Sophia Akuffo, a cikinsu. Ubangijinmu ya ba da misalin mai son gina hasumiya, a Luka sura 14, ya ce ya kamata ya fara zama ya yi lissafi, domin kada ya aza harsashi ya kasa gamawa, masu wucewa su yi masa dariya. Na daɗe ina karanta wurin nan kamar misali kawai. A ranar 6 ga Maris 2024, ranar da aka sa domin buɗewa, 'yan majalisa na adawa suka taru a bakin wurin suka yi bikin buɗewa na ba'a. A cikin shekarar kuma aka nuna samari masu zanga-zanga suna iyo a ruwan da ya taru a ramin. Na ga hoton a waya, na yi dariya tare da kowa, daga baya kunya ta kama ni, gama sunan da aka liƙa wa ramin nan ba na jam'iyya ba ne, na Almasihu ne.

Akwai 'yan'uwa masu kāre aikin, bai kuwa kamata a raina maganarsu ba. Suna cewa ai Yahuza ne ya yi gunaguni sa'ad da matar nan ta zuba wa Yesu turare mai tsada, ya kawo zancen matalauta. Suna cewa annabi Haggai ya tsauta wa mutanen da suka zauna a gidaje masu kyau suka bar Haikali kango. Suna kuma cewa dala miliyan 58 ba ita ce ta karya tattalin arzikin Ghana ba, wannan kuwa gaskiya ne. Ni ma ban yarda da masu cewa kada a yi wa Allah abu mai kyau sai ran da talauci ya ƙare ba, in haka ne ba za a taɓa sayen ko ƙararrawa ba. Amma turaren na matar ne, ba ta bi gida gida ta karɓi kuɗinsa ba. Mutanen Haggai kuma ba su da Haikali ko ɗaya. Accra fa? Ga Holy Trinity ta Angilikan tun 1894, ga Holy Spirit ta Katolika a Adabraka, ga majami'u a kowane lungu har wata tana toshe muryar wata da lasifika. Abin da Accra ta rasa ba wurin sujada ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi da damina, ko ya tuna daren 3 ga Yuni 2015 sa'ad da ambaliya da gobarar gidan mai suka kashe mutum wajen 150 a Circle, ya san abin da aka rasa.

Zanen kansa yana da kyau, ban musa ba. An ce an ɗauko siffarsa daga alfarwar sujada ta zamanin Musa, da kuma alamun sarautar gargajiya, wato kujerar sarki da babbar laimarsa. Tunani ne mai zurfi a ce Sarkin sarakuna ya karɓi alamun da sarakunan ƙasa suke taƙama da su. Amma aikin laimar sarauta shi ne ta nuna wa taro inda babba yake zaune. Da aka lissafa amfanin ginin, abin da aka sa a gaba shi ne jana'izar manyan ƙasa da sujadar godiya ta shugabanni. Sai na tambayi kaina, a ƙarƙashin laimar nan wa zai zauna? In 'yar kaya ta zo ƙofa da silifas, da yaro a baya, mai gadi zai nuna mata wace kujera? Yakubu ya yi wannan tambaya a sura ta 2 ta wasiƙarsa, game da mai zoben zinariya da mai tsumma. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, malamin nan haifaffen Kano wanda ya rasu a 1934, shi ma ya rubuta Waƙar Talauci da Wadata a ƙasar nan, yana nuna yadda ake rusuna wa mai abu a kuma ture marar shi. Halin bai canja ba don an zo ƙofar majami'a. Dutsen Urushalima kuwa, ban gane amfaninsa ba. Ubangiji ya riga ya gaya wa matar Samariya cewa zamanin jayayya a kan wane dutse ya fi tsarki ya wuce.

Ba mu ne muka fara ba. A Yamoussoukro, garin haihuwar Houphouët-Boigny a Kwaddibuwa, akwai majami'ar da Paparoma ya keɓe a 1990, wadda tana cikin mafi girma a duniya, an kuma sa hoton shugaban a gilashin taga kusa da na Almasihu. Ita an gama ta. Asibitin da aka yi alkawarin ginawa kusa da ita sai da ya jira fiye da shekara 20.

Inda laifin ya fi nauyi a ganina shi ne wurinmu, masu aikin ikilisiya. Sa'ad da Dawuda ya ce zai gina wa Allah ɗaki, annabi Natan da farko cewa ya yi ya ci gaba. Wa zai ƙi irin wannan magana daga bakin sarki? Amma a daren nan maganar Allah ta zo masa, ya koma ya warware abin da ya faɗa. Dare ɗaya ya ɗauke shi. An naɗa manyan limaman Ghana su zama amintattun wannan aiki, sunayen da kowa ya sani. Bishop Dag Heward-Mills ya sauka a 2022. Akbishop Nicholas Duncan-Williams da Rabaran Eastwood Anaba suka sauka a Oktoba 2023, bayan sun nemi a binciki kuɗin. Sun kyauta da suka yi magana. Amma daren Natan namu ya kai shekara biyar, mu ƙanana kuma da muke can ƙasa ba mu ce kome ba, domin abin ya yi mana daɗi.

Bari in faɗi dalilin da ya yi mana daɗi a zango, ko da yake ba a son faɗarsa. A watan Yuli 2021 aka buɗe Babban Masallacin Ƙasa a Kanda, dab da Nima, wanda Turkawa suka ba da kuɗin gininsa. Daga nesa kana hango hasumiyoyinsa. Mu 'yan tsiraru ne a unguwannin nan, mun saba a tambaye mu yadda aka yi mai jin Hausa ya zama Kirista. Na ji da kunnena masu bi suna cewa, "Bari tamu ta tashi, za su gani." Ni ban faɗa ba, amma da aka faɗa ban tsauta ba. Wa za su gani? Mutanen Babila ma, cikin Farawa sura 11, abin da suka nema ke nan, suna da kuma tsaro daga tsoron warwatsuwa. Abin mamaki kuwa, wanda ya koya mana tawali'u a wannan zance shi ne babban limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu. A Ista ta 2019, yana cika shekara 100, ya shiga majami'ar Christ the King ta Katolika ya zauna. A 2021 kuma ya ba da sidi 50,000 gudummawa ga ginin da waɗansunmu suke so su tsone wa mutanensa ido da shi.

Da aikin ya tsaya, na yi wa'azi a kansa. Na ɗauko Babila, na ɗauko Nebukadnezzar yana yawo a kan soron fādarsa yana yabon aikin hannunsa, na ɗauko Hirudus da tsutsotsi. Jama'a suka ji daɗi, a ƙofa aka yi ta riƙe hannuna ana cewa, "Malam, yau ka faɗa musu." Na koma gida ina jin kaina kamar Iliya. Uwargida tana kwashe tuwo, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Malam, namu ramin fa?"

Laifi tudu ne. A bayan majami'armu akwai harsashi da muka aza a 2019, ƙarafansa suna tsaye sun yi tsatsa, awaki suna kwana a tsakiya. Ba don wurin zama ya kasa mana muka fara shi ba, ran Lahadi ma benci biyu na baya ba kowa. Wata ikilisiya ce kusa da mu ta ɗora bene, muka ce mu ma ba za a bar mu a baya ba. A takardar roƙon taimako kuwa muka rubuta cewa domin ɗaukakar Allah ne, ni ne ma na rubuta.

Yadda muka tara kuɗin ya fi ramin muni. Kowace shekara muna bikin godiyar kaka. Akan nemi ciyaman, ba a kuwa neman wanda ya fi tsufa ko wanda ya fi addu'a, mai kuɗi ake nema, in ya zo da abokansa masu kuɗi ya fi. Akan jera musu kujeru masu hannu a gaba. Akan yi gwanjon kwalbar ruwa ko doya ɗaya, manya su yi ta ƙara wa juna farashi ana tafi. Sa'an nan a miƙo mini takarda da abin magana, in riƙa kiran suna da adadi, in ɗaga murya inda adadin ya yi nauyi, mai ganga ya buga. Duk wanda ya taɓa zuwa suna ko biki a Nima ya san wannan aiki da mai yinsa. Maroƙi ne. Maroƙin ma ya fi ni gaskiya, gama shi kowa ya san sana'arsa ce, ana liƙa masa kuɗi yana zuba kirari, ba ya cewa sujada yake yi. A bikin 2019 wani ɗan'uwa mai sayar da kayan mota ya tashi ya yi alkawarin buhun siminti 100. Mata suka yi guɗa, na kira sunansa sau uku. Buhu 15 ne suka iso. Ban ce mugu ba ne, kasuwa ce ta juya masa baya. Amma mu ne muka shirya masa dandalin da zai faɗi abin da ya fi ƙarfinsa, muka biya shi ladan buhu 100 nan take da tafi, yanzu kuma kunya ta hana shi zuwa sujada. Hananiya da Safiratu ma ba rowa ce ta kashe su ba, gama sun ba da wani abu. So suka yi a gan su kamar Barnaba.

Ba dukan al'adun baikonmu nake zargi ba. Akwai wanda muka koya daga 'yan'uwanmu na kudu, da ake kira Kofi da Ama, inda haifaffun kowace rana sukan fito da rawa su zuba baikonsu, su Ladi da Ɗanladi, su Talatu, su Jummai da Ɗanjuma, a ƙirga a ga ranar da ta fi. Akwai gasa a ciki, amma ta wasa ce, ba a kiran sunan kowa, sidin gwauruwa ya shige cikin na attajiri ba mai rarrabewa. Ban ga abin da zai hana wannan ba. Kiran suna da adadi ne ciwon.

Wadda ta buɗe mini ido wata tsohuwa ce, gwauruwa, mai sayar da koko da ƙosai a gefen Malata. Ba ta fashin sujada, ita ce ma takan riga kowa zuwa ta share ɗakin. Na lura shekara biyu a jere ran bikin godiya ba ta zo ba. Na je wurin sana'arta na gaishe ta, na ce, "Inna, lafiya ba mu gan ki ran godiya ba?" Ta zuba mini koko tukuna, sa'an nan ta ce, "Malam, ranar ba tamu ba ce, ta masu ambulan ce. In ka kira dubu biyar, ka kira dubu biyu, sa'an nan ka kira ni da sidi goma, me kake so in yi da fuskata? In kuma ka tsallake ni, jikokina su ce kakarsu ba ta gode wa Allah ba. Gara in kai nawa ran Laraba, ba kowa." Ban sami amsa ba. Na tuna Ubangiji ya taɓa zama yana duban masu zuba kuɗi a Haikali, wadda ya yaba kuwa irin wannan tsohuwa ce, bai kuma kira ta gaban jama'a ba, almajiransa ya kira gefe ya gaya musu. Har yau ba mu san sunanta ba. Ni da nake koya wa yara wannan labari a ajin baftisma, ni ne nake riƙe da abin maganar da ya kore ta.

Da nake yaro a makarantar mishan can arewa, malaminmu yakan sa mu haddace cewa da alheri aka cece mu domin kada kowa ya sami abin fahariya. Mun haddace, mun ci jarrabawa. Ban gane ba sai yanzu cewa koyarwar nan tana da aiki a ranar baiko. Bulus ya tambayi Korantiyawa ko akwai wani abu a hannunsu wanda ba karɓa suka yi ba. In simintin da ka kawo, da ƙarfin da ka nemo shi, da numfashin da kake faɗar adadinsa duka aro ne, to, tafin na wane ne? Wanda muke bi kuwa ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun masu kamun kifi, sa'ad da almajiransa suka nuna masa manyan duwatsun Haikali suna sha'awa kuma, bai taya su ba, sai ya gaya musu za a rushe shi.

Na kai maganar gaban dattawan ikilisiya, na roƙa a daina kiran suna da adadi, a sa akwati ɗaya kowa ya zuba, a kuma bar zancen bene mu gyara rufin da yake yoyo. Ba a yi mini tafi ba. Ma'aji ya ce, "Malam, ka san mutanenmu. In ba a kira ba, rabin kuɗin nan ba zai shigo ba." Ina tsammani gaskiya ya faɗa, wannan kuwa shi ya fi tsorata ni, domin ya nuna rabin abin da muke kira godiya kuɗin sayen suna ne. Wani dattijo ya ce ai Bulus ma ya yi fahariya da baikon Makidoniyawa domin ya zuga Korantiyawa. Na ce haka ne, amma ikilisiya ya yaba, matalauta ne kuwa, bai jera sunayen attajirai ba. Muka yi ta ja har dare. A ƙarshe aka raba: za a daina faɗar adadi, za a ci gaba da kiran suna, ciyaman kuma yana nan da kujerarsa mai hannu. Zancen harsashin aka ɗaga shi zuwa wani zama.

Na koma Malata na gaya wa Inna abin da aka yanke, na ce bana muna sa ranta. Tana juya ƙosai a mai, ta ce za ta duba. Har na juya zan tafi ta kira ni, ta ce, "Malam, yaron nan mai siminti, akwai wanda ya je gaishe shi?"

Ba wanda ya je. Shagonsa yana Abossey Okai, na sa ranar Asabar.